Gurbin Bayan Liman

Injiniya bai taɓa taka makarantar injiniyoyi ba, ko da don ya fake wa ruwan sama. Rediyo yake gyarawa, da fanka, da dutsen guga, a wani ɗan shago da aka matse tsakanin mai faci da mai sayar da katifa. Sunan ya same shi ne ranar da ya ɗaura lasifikokin babban masallacin da ke tsallaken titi, shi kuwa ya riƙe shi gam. In ka kuskura ka ce da shi mai gyaran rediyo, sai ya waiga baya ya duba ko da wani kake.

Kunne dai gare shi, wannan ko maƙiyinsa ya sallama masa. Kana shigowa da rediyo tana kakari, tun daga bakin ƙofa zai gaya maka abin da ya ƙone a cikinta. Kunnen nan kuma shi ya jawo masa duk abin da ya biyo baya.

Ranar da abin ya fara, yana bisa tsani ne, filaya a baki, yana ɗaure wayar lasifika ta ƙarshe. Sai sabon limamin da aka kawo, wani matashi siriri mai yawan sunkuyar da kai, ya matso gaban makirufo don a gwada. Da wani ne, hura iska zai yi ya ƙwanƙwasa da yatsa. Shi sai ya ja aya. Injiniya ya ji wani abu ya tsarga masa daga tsakar ka har tafin ƙafa, filayar ta suɓuce daga bakinsa ta yi ƙasa, saura ƙiris shi ma ya bi ta. Ya sauko fuska sharkaf da hawaye. Mai faci, da ke riƙe masa tsani, ya ɗauka wuta ce ta ja shi, har ya fara neman busasshen katako.

Daga ranar Injiniya ya zama ɗan masallaci. Da can sai matarsa ta yi ta fama kafin ya tashi da asuba, yanzu kuwa shi ke riga ladan isa. Ya samo wa kansa gurbi a sahun farko, daidai bayan Liman, inda in Liman ya ɗaga hannu zai yi kabbara iskar hannun rigarsa take shafar fuskar mutum. Gurbin nan ya zame masa kamar gonar gado. Lokacin salla na ƙaratowa zai bar fankar mutane a buɗe, hanjinta a waje, mai ita a tsaye da baki sake, ya ratsa motoci da gudu-gudu don kada wani ya riga shi. In Liman ya fara karatu kuwa, sai kuka. Ba irin na dattawa ba, da hawaye ke gangarowa shiru ya shige gemu. Kuka ne mai shessheƙa da jan majina, har na kusa da shi suka koyi tattare hannun riga.

Jama'a suka ce Allah ya shiryi Injiniya, kuma ba wanda zai ce ƙarya suka yi. Sai dai akwai abin da jama'a ba su gani ba. Ba su ga gwangwanin alewar da ke can saman kanta a shagonsa ba, wanda a ciki ya adana tsohon soson makirufo da Liman ya yi wata da watanni yana numfashi a kai. Ba su san ya bi diddigi har ya gano turaren da Liman ke shafawa ya saya ba. Ya koma karkata hula yadda Liman ke karkatawa, ya rage sauri a tafiya, ya koyi sunkuyar da kai har ya taɓa yin karo da mai keke. Duk wannan hidimar kuwa, Liman bai taɓa ce masa ko sannu ba. In ya sallame ya juyo ya fuskanci jama'a, idonsa na kan yatsunsa yana tasbihi, daga nan ya fice ta ƙaramar ƙofar gefe. Abin da Injiniya ke nema a duniya bai wuce ɗaya ba: wata rana Liman ya ɗago kai, ya dube shi, ya san da shi. Wanda ke son haka kuwa ba zai yi wasa da gurbin da ya fi kowane kusa ba.

Matarsa ce kaɗai ba ta ruɗu ba.

"Baban yara," ta ce masa wata rana tana ninke wanki, "don Allah in tambaye ka. Ranar nan da aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, ka yi kuka a sallar?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Tambaya ce kawai. Na ga ka dawo ido a bushe ƙamas, kana ta zagin mai janareta."

"Ke ba ki san daɗin karatu ba."

"Na sani mana. Har cikin banɗaki nake jin sa, albarkacinka."

Gaskiyarta ne. A cikin lasifikokin da ya ɗaura, babbar cikinsu ya juya bakinta ya saita ta daidai lungunsu, wai don iyalinsa su sami albarka. Ya kuma murɗe maɓallin nan da suke kira eko, mai sa murya ta riƙa maimaita kanta, ya kai shi ƙarshe. In Liman ya ja harafi ɗaya, sai harafin ya je ya dawo kamar daga cikin rijiya, ya sake dawowa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, a lungun nan akwai wani masallacin. Ɗan ƙarami ne, ɗaki ɗaya da tabarmi, da butoci a bakin ƙofa, kuma limaminsa tun kafin a haifi Injiniya shi ne mahaifin Injiniya. Baba ya tsufa. Muryarsa ko da ƙuruciya ba ta taɓa zama abin labari ba, yanzu kuwa ta koma kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba. Gajerun surori yake karantawa, su ɗin dai kullum, a tsaitsaye, yana hutawa inda numfashi ya ƙare masa, ba inda ya kamata ba. Masu bin sa salla tsofaffi ne 'yan kaɗan: wani ba ya ji sosai, wani a kujera yake salla, wani kuma in ya yi sujada sai an jira shi. Lasifikarsu ɗaya tilo ta lalace tuntuni, Baba ya aika da ita shagon ɗansa, tana nan a ƙarƙashin tarin matattun fankoki ƙura ta binne ta. Saboda haka duk magariba da lisha da asuba, Baba na buɗe baki muryar Liman za ta sauko daga sama ta danne shi. Da ido tsofaffin ke bin sa, in sun ga ya sunkuya su sunkuya.

A bayan Baba Injiniya ya koyi salla, tun kansa bai kai ƙugun manya ba. Amma tun da ya ji muryar Liman, sai ta ubansa ta koma ba shi kunya. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko kansa bai yarda ya faɗa wa ba. Kawai dai in ya fito daga gida, ta ɗaya bakin lungun yake bi.

Sau ɗaya Baba ya yi maganar. Yana zaune a ƙofar gida yana sake wa carbinsa zare, ɗan ya zo wucewa yana ƙamshin turaren wani.

"Kai, wannan ƙahon naka da ke kallonmu, ba ya juyuwa ne?"

"Yana juyuwa, Baba. Tsani ne babu, an are shi."

"To. In an dawo da shi."

"In sha Allahu."

Tsanin na nan jingine a bayan shago. Baba ya sani, don ta nan yake bi in za shi wajen mai aski. Bai sake tayar da zancen ba.

Wanda ya tsaye wa Injiniya a maƙogwaro shi ne Hedimasta. Tsohon shugaban makaranta ne da ya yi ritaya, mai farin gemu da tabarau, ya haddace abin da ya haddace, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka. Shi ke tsayawa dama da Injiniya, kafaɗa da kafaɗa, yana jure shessheƙar, yana ganin a ransa cewa gurbin nan nasa ne aka yi masa ƙwace.

"Injiniya," ya ce masa wata rana suna sa takalma, "ka san wurin da kake tsayawa ba kujerar kallo ba ce ko?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Wanda ke bayan liman, in liman ya manta aya shi ke tuna masa. In kuma wani uzuri ya sami liman a tsakiyar salla, shi zai jawo gaba ya ƙarasa wa jama'a. Ka shirya wa wannan?"

Injiniya ya yi murmushin tausayi. "Malam ne zai manta aya? Kuma wane uzuri ne zai sami Malam?"

"Irin wanda ke samun 'yan Adam."

"Allah ya huci zuciyarka, Hedimasta. Karatun Malam kuwa babu inda ban sani ba. Ko daga barci aka tashe ni."

Kuma har ga Allah ya yarda da abin da ya faɗa. Ya san inda Liman ke hawa da inda yake saukowa, ya san inda muryarsa ke ɗan rawa kamar zai yi kuka ya fasa, ya san inda yake jan numfashi. A shago ma yana narka dalma yana bin karin da hanci, tiryan-tiryan, har mai katifa ya haddace rabi. A ganin Injiniya wannan shi ne sani.

Wata magariba masallaci ya cika har waje, don 'yan kasuwa sun taso. Injiniya na gurbinsa, ƙamshinsu ɗaya shi da Liman. Aka tayar da salla. Liman ya yi kabbara, ya karanta surar farko, jama'a suka ce amin, ya kama wata doguwar sura daga cikin waɗanda Injiniya ya fi ƙauna. Hawaye har sun taru a gefen ido suna jiran umarni, don an zo dab da wurin nan da murya ke hawa.

Sai Injiniya ya ji wani sauti.

Ɗan gajere ne, ƙasa-ƙasa, kuma ba daga lasifika ya fito ba. Wani ba zai ji ba. Amma kunnen da ke gane ciwon rediyo daga bakin ƙofa ba ya kuskure, ya kuma san sarai daga ina sautin ya fito, tun da tsakaninsa da wurin bai kai taki ɗaya ba. Zuciyarsa ta ce a'a, ba zai yiwu ba. Waya ce ta saki. Amfilifaya ce. Hedimasta ne.

Liman ya yi shiru a tsakiyar aya. Ya ɗaga hannun hagu ya toshe hanci kamar mai haɓo, ya miƙo na dama baya ba tare da ya waiga ba, ya kama hannun rigar wanda ya samu, ya jawo shi gaba. Shi kuma ya sulale ta ƙaramar ƙofar gefe.

Shekara da shekaru Injiniya na jiran hannun nan ya taɓa shi. To ga shi ya taɓa shi, ya kuma ajiye shi a kan dardumar liman, makirufo a saitin bakinsa, bango a gabansa, jama'a cike da masallaci a bayansa sun yi tsit suna jira.

Ya so ya ja da baya. Amma sai ya tuna ai ya san wurin. Nan ne murya ke hawa, ta lanƙwasa, ta sauko a hankali. Ya ja numfashi inda Liman ke ja, ya buɗe baki. Karin ya zo masa cif, kalmomin ne ba su zo ba. Abin da ya fito wani dogon "aaa" ne mai hawa da lanƙwasa, babu harafi ko ɗaya a cikinsa, eko kuwa ya ɗauke shi ya tsallaka titi da shi, ya dawo da shi, ya sake kaiwa.

Ya tsaya. Ya laluba cikin kansa kamar mai neman noti a akwatin tarkace, ya tarar da karin tsaf, kowace gaɓa a mazauninta, amma fanko ne, babu komai a ciki. Duk shekarun nan da ya yi yana kuka, bai taɓa tsayawa ya ji me ake cewa ba.

Daga baya Hedimasta ya ɗora masa farkon ayar, da irin muryar da ke cewa ai na gaya maka. Injiniya ya cafke kalmomin ya maimaita, suka ƙare, ya sake tsayawa. Hedimasta ya ƙaro wasu. Ya maimaita, ya yi tuntuɓe a ta ƙarshe, ya faɗe ta a karkace. Wani daga tsakiyar masallaci ya ce, "Subhanallah." Wani can a waje, wanda bai ma san me ake ciki ba, shi ma ya ce, "Subhanallah," don kada a bar shi a baya. Gumi ya jiƙa hular nan da aka karkata. Injiniya ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma tayil ne a wurin, sabo.

Ya runtse ido. Sai ya ji bakinsa ya kama wani abu da kansa, ba tare da ya nemi shawararsa ba. Gajeriyar sura ce, daga cikin waɗanda ake fara koya wa yara. Ta fito a tsaitsaye, babu hawa babu lanƙwasa, da wata busasshiyar murya mai ƙugi. Ya huta inda ba a hutawa. A tsakiyarta, bayan aya ta biyu, ya yi gyaran murya, "ehem," sannan ya ƙarasa. Eko ya ɗauki gyaran muryar ya raba wa unguwa kyauta: ehem, hem, hem.

Ya yi ruku'u, jama'a suka bi shi da ajiyar zuciya irin ta waɗanda aka sauke wa kaya. A raka'a ta biyu ya kawo wata gajeriyar, ita ma da muryar nan. Ko ɗigon hawaye bai yi ba, tsoro ya hana. Kowace kalma sai ya dube ta da kyau kafin ya furta, har ma'anar da Baba ya taɓa gaya masa yana yaro ta riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. A sujadar ƙarshe ya tuna sallar mutanen nan duka a wuyansa take. Ya roƙi Allah a zuci ya rufa masa asiri, ya karɓa musu ko da shi ba a karɓa masa ba. Rabon da ya yi wa Allah magana kai tsaye, ba tare da ya bi ta maƙogwaron wani ba, har ya manta.

Ya sallame. Bai iya juyowa ya fuskanci jama'a ba, sai ya zame gefe ya yi kamar yana duba waya a jikin bango. Wani dattijo ya ce masa Allah ya saka. Mai faci ya cusa fuska a cikin hula, kafaɗunsa na rawa. Hedimasta kuwa ya miƙe tsaye. Matsawa ya yi hagu kaɗan, ya gyara tsayuwa a gurbin nan, ya tayar da nafila, ya kuma ja ta yadda kowa zai gani. Injiniya ya kalle shi, ya san ba shi da bakin magana, yau ko gobe.

Duk da haka akwai sauran fata a ransa. Ya zaro hankici ya zaga baya, ya sami Liman a baranda kusa da famfunan alwala, ya idar da tasa sallar yana zaune. Ya durƙusa ya miƙa hankicin da hannu biyu.

"Allah gafarta Malam, sannu. Jinin ya tsaya?"

Liman ya dubi hankicin, ya yi 'yar dariyar kunya. "Babu jini, bawan Allah. Haka aka koya mana, mutum ya riƙe hanci ya fita, don asirinsa ya rufu. Cikina ne tun da rana. Wake na ci."

"Wake," in ji Injiniya.

"Wake. Ina son sa, shi ne ba ya so na." Liman ya ɗago kai, yau dai ya dube shi sosai. "Kai na jawo ko? Allah ya saka da alheri, ka fitar da mu. Baƙo ne kai a nan?"

Injiniya ya mayar da hankicin aljihu. "Ni ne Injiniya, Malam. Mai lasifika."

"Af! Kai ne? Alhamdu lillahi. Wallahi na daɗe ina son in gan ka."

Zuciyar Injiniya ta yi tsalle, wauta ba ta saurin mutuwa. Ya gyara durƙuso.

"Don Allah ka rage mini abin nan da ke maimaita murya. Ina karatu ina jin kaina yana bi na a baya, har rikicewa nake yi. Na so in yi magana tuntuni, aka ce mini mai abin ba ya son a taɓa masa."

"Za a rage, Malam."

"Madalla. Allah ya yi albarka."

Ya tsallako titi a hankali, kai a sunkuye, wannan karon ba kwaikwayo ba ne. Matarsa na bakin ƙofa tana jiran sa, ta toshe baki da gefen mayafi.

"Sannu da zuwa, Liman."

"Ki bar ni don Allah."

"Na bar ka. Amma fa na ji ka har banɗaki." Ta sauke mayafin, ta ga yadda fuskarsa take, sai ta sassauta. "Je ka, Baba na neman ka. Yana ƙofar masallaci."

Baba na zaune a kan tabarma, ya jingina da bango, sandarsa a gefe. Injiniya ya cire takalma ya tsuguna nesa kaɗan.

"Matso, ba duka zan yi ba," in ji Baba. "Muna raka'ar farko, na buɗe baki ke nan, sai na ji 'aaa' daga sama. Na ce yau kuma wa aka taka? Can sai na ji surata, da muryata. Na ce to, ko dai na mutu ne ba a gaya mini ba." Ya nuna cikin masallaci da haɓa. "Wannan da ba ya ji, muna sallamewa ya ce mini, Liman, yau kam na ji ka rangaɗau, an gyara mana lasifikar ke nan?"

Injiniya ya rasa inda zai sa idonsa.

"Amma kai, wannan 'ehem' ɗin na mene ne?"

"A nan kake yin sa, Baba. Bayan aya ta biyu."

"Ni maƙogwaro ne ke kama ni a wurin. Kai me ya kama ka?"

"Tun ina yaro haka nake jin ta."

"To ba ya cikin surar."

"Na gane."

Baba ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya fi dariyar daɗewa. Injiniya ya saurara da kunnen nan nasa, ya ji abin da ya kamata ya ji tuntuni: numfashin tsohon na fita da wani siririn fito a ƙarshensa, yana shiga da ƙyar. Da rediyo ce, da tun daga bakin lungu ya gane.

"An karɓe gurbin naka?" Baba ya tambaya da ya samu tarin ya lafa.

"Hedimasta ya karɓa."

"Ya fi ka cancanta." Ya ja carbi kaɗan. "Ni ma jiya da lisha numfashi ya yanke mini a tsakiyar sura. Na miƙa hannu baya." Ya gwada yadda ya yi. "Sai na tuna su wa ke bayan nawa. Ɗaya kurma, ɗaya a kujera, ɗaya sai an ɗaga shi. Na janye hannuna, na jira numfashin ya dawo, na ƙarasa da kaina."

Bai faɗe shi da sigar ƙorafi ba. Da ƙorafi ya yi, da ya fi sauƙin ɗauka.

Suna nan zaune kiran lisha ya sauko daga babbar lasifikar, ya cika lungun har butoci na amsawa. Injiniya ya miƙe.

"Hanzarta," in ji Baba, bai dube shi ba. "Ko sahu na biyu ka samu."

Injiniya ya ɗauki buta ɗaya daga bakin ƙofa, ya girgiza ta ya ji da ruwa, ya tsuguna a gefen kwata ya fara alwala. Baba ya bi shi da kallo har ya wanke ƙafa. Tsofaffin suka fara isowa ɗaya-ɗaya, mai kujera na jan kujerarsa.

"In tsayawa za ka yi," in ji Baba yana dafa sanda zai tashi, "ban da kukan nan naka. Tabarmarmu ba ta son majina."

"To, Baba."

"Gobe kuma a dawo da tsanin."

"Da sassafe."

Aka tayar da salla. Baba ya yi kabbara, ya buɗe baki, muryar Liman ta sauko daga sama da ekonta ta rufe shi ruf. Tana da daɗi, har yanzu tana da daɗi, ba a ƙwace mata ba. Injiniya ya kasa kunne a ƙarƙashinta, ya lalubo busasshiyar muryar nan, ya riƙe ta kalma bayan kalma. Bayan aya ta biyu Baba ya yi gyaran murya, numfashin ya ɗan jinkirta kafin ya dawo. Injiniya ya matsa gaba kaɗan, daidai inda in hannu ya miƙo baya zai same shi.